Idan Sautin Kwamfuta Ya Yi Wa Kunne Yawa

Ɗalibin harshe da kunne yake aiki. Da shi yake rarrabe dogon wasali da gajere, da shi kuma yake jin karin sautin da ya raba "wuya" na jiki da "wuya" mai nufin wahala. Saboda haka ɗalibai kan daɗe da iyafis a kunne suna sauraron maganar da aka naɗa, suna rubutawa. Wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da ramin iyafis, wasu kuma nasu ya lalace, sai a sayi ƙaramin adafta a maƙala a ramin USB. A nan ne wata matsala takan taso: ma'aunin sauti yana kan 2 ko 4 cikin 100, amma ƙarar ta cika kunne, in an rage kaɗan kuma sai a ji shiru.

Abu biyu ne suka fi kawo haka. Na farko, rashin daidaito tsakanin adafta da iyafis. Yawancin ƙananan iyafis turjiyarsu ga lantarki ba ta wuce om 16 zuwa 32, don haka wuta kaɗan take isar su, alhali wani adaftan an ƙera shi ne don manyan na'urorin sauraro masu om 250. Na biyu, wani adaftan yakan ba kwamfuta bayanin matakan sautinsa ba daidai ba, sai duk ƙarar ta taru a farkon ma'auni.

Ana gano mai laifi ta hanyar sauya abu ɗaya a lokaci guda. A sa iyafis ɗin a wayar hannu. In sautin ya daidaita, to iyafis lafiyarsa lau. Sannan a gwada adaftan a wata kwamfuta. In ƙarar ta biyo shi can, daga gare shi ne. In ba ta biyo ba, sai a duba saitin kwamfutar farko. Kafin kowane gwaji a mayar da ma'auni ƙasa, kuma kada a sa iyafis a kunne sai sauti ya fara fita.

Gyara yana farawa da abin da ba ya cin kuɗi. A Windows kowace manhaja tana da nata ma'aunin ban da babban ma'auni. Idan aka rage na manhajar sauraro, misali VLC, zuwa kashi 20, babban ma'aunin zai sami filin motsi. Ya kamata kuma a kashe duk wani ƙarin gyaran sauti da aka kunna. A Linux akan buɗe alsamixer, a zaɓi adaftan, a rage matakin PCM. Idan duk wannan bai wadatar ba, ko kuma ana jin wani "shiii" a bayan magana, sai a nemi guntuwar waya mai marage sauti a sa tsakanin adafta da iyafis. Ita tana rage ƙarar da shuwwar baki ɗaya, abin da manhaja ba ta iyawa, domin shuwwar daga cikin adaftan take fitowa. Mataki na ƙarshe shi ne sauya adaftan.

Wannan matsala ba ta jin daɗi kaɗai ba ce. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar a 2019, iyakar babban mutum ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, a desibel 90 kuwa awa 4 kacal suka rage. Ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da ke can cikin kunne, waɗanda suke karɓar sauti, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Sautuka masu siranta irin "s" da "sh" da "ts" su ne suke fara ɓacewa. Ɗalibin da ya cire iyafis ya ji kunnensa yana ƙugi, ko yana jin magana kamar daga nesa, to ya wuce iyaka: ya huta, in abin ya ci gaba ya ga likita.