Injin da ke ƙin tashi ranar iska

Tafkin Mille Lacs da ke jihar Minnesota ta Amurka faɗi gare shi, amma inda ya fi zurfi bai wuce mita 13 ba. Irin wannan ruwa, da iska ta taso sai ya cika da gajerun igiyoyi masu dukan jirgi ba ƙaƙƙautawa. A kansa ne wani dattijo, tsohon direban babbar mota da ciwon baya ya zaunar, ya gamu da abin da ya ɗaure masa kai daga ƙarshen Yuni har Agusta. Ƙaramin injin lantarki da ke goshin jirginsa yana sauka ruwa da kansa, yana kuma tashi da kansa idan an danna rimot. Sai dai wasu ranaku, can bayan la'asar, ya taso rabi ya cije. Washegari da safe kuma lafiya lau, kamar ba shi ba.

Masu fatsa a can ba sa son ƙarar babban inji idan sun isa matattarar kifi. Kashe shi suke yi, su saki wannan ƙaramin mai aiki da batir, ya riƙa jan jirgin a hankali ba hayaniya. O.G. Schmidt ne ya fara ƙera irinsa a garin Fargo a 1934, kuma daga aikinsa kamfanin Minn Kota ya samo asali. Sau da yawa a goshi ake ɗaura shi, domin jirgin da ake ja daga gaba ya fi bin umarni cikin iska a kan wanda ake turawa daga baya. Tun wajen 2010 aka haɗa masa GPS, yadda zai tsayar da jirgi wuri guda ba tare da an jefa anga ba. Wahalarsa ita ce nauyi. Sandar da ke riƙe da farfela takan kai mita ɗaya da rabi, duka injin ya haura kilo 20, kuma a da sai mutum ya je can bakin goshi ya sunkuya ya janyo shi, jirgi na rawa. A tsakiyar shekarun 2010 aka fito da masu ɗaga kansu, wanda ya fi suna shi ne Ulterra. Ga tsoho mai ciwon baya wannan ba ƙawa ba ce, ita ce ta ba shi damar ci gaba da fita shi kaɗai.

Don haka cijewar ba ƙaramar magana ba ce. Ba a tuƙa babban inji da gudu alhali ƙaramin na rataye cikin ruwa, sandar za ta lanƙwashe ko ta karye. Ko dai dattijon ya lallaɓo gida a hankali kamar mai rakiya, ko ya durƙusa da sukurdireba yana kwance murfi don ya janyo injin da hannu, abin da ya biya kuɗi don ya huta da shi.

Ya fara da abin da kowa ke fara zargi, wato zaren fatsa da ciyawar ruwa. Ya cire farfela ya tarar da zare ya naɗe a bayanta, ya yanke, ya goge sandar tas. Bayan mako guda injin ya sake cijewa. Sai ya kwance shi ya kai shagon gyara. A irin wannan inji akwai ƙaramin moto na biyu da ke jan wani bel mai haƙora, shi ke hawa da sandar yana saukar da ita, sannan wata 'yar ƙwaƙwalwa tana lura da inda sandar ta kai. Makanikin ya ga bel ya ɗan saki, ya sa sabo, ya ɗora injin a kan tebur ya yi ta ɗagawa da saukewa har ya gaji. Bai cije ko sau ɗaya ba. Dattijo ya biya, ya mayar, ranar Asabar ya cije.

Batir fa? Injin na bolt 24 ne, yana shan wuta daga batura biyu masu bolt 12 da aka haɗa a jere, kan wannan da gindin wancan. Rana ɗaya ya saye su, iri ɗaya. Kullum da safe cajar da ke cikin jirgin na nuna koriyar fitila a kan kowanne, mita kuma na nuna 25.3. Ya kankare tsatsa daga kawunansu, ya matse notuna, ya sauya makatsar wuta. Shiru. Ga shi kuma ko a lokacin da injin ya ƙi tashi, farfela na juyawa. Wannan ya sa ya cire batir daga lissafi gaba ɗaya.

'Yarsa, wadda sana'arta kafa wutar sola, ta zo hutun ƙarshen mako ta tarar yana shirin sayen sabon inji.

"Baba, kullum yake yi?"

"Ina! Ran da ya ga dama."

"Inji ba ya ganin dama. Ina littafinka?"

Kamar masunta da yawa a can, yana rubuta kowace fita: inda ya tsaya, kifin da ya kama, da yanayin gari. Ta bi shafukan da fensir tana sa alama a ranakun da ya yi ƙorafi. Dukkansu ranakun iska ne. Babu rana ɗaya mai lumana a cikinsu. Ta kuma lura da abu na biyu: a farkon Yuli sai an yi iska mai ƙarfi yake cijewa, amma zuwa Agusta matsakaiciya ma ta isa.

Dattijo ya tafa hannu. Ai magana ta fito, in ji shi, igiyar ruwa ce ke watsa wa injin ruwa, yana shiga ƙwaƙwalwar. Zato ne mai ma'ana, kuma makanikai da yawa a nan za su tsaya. Ita kuwa ta jawo tiyo a ƙofar gareji ta yi wa injin wanka, ta danna rimot, ya tashi sumul. Ta nuna masa wata rana a littafin da aka wuni ana ruwan sama ba iska, ranar injin bai yi gardama ba. Ba jiƙa ba ce ke nan. To me iska ke sa injin yi wanda ba ya yi ranar lumana?

Aiki. Idan an ce ya riƙe jirgi wuri guda, ranar da ruwa ya kwanta farfela ɗan motsi kawai take yi jefi-jefi. Ranar iska kuwa wuni take tana kokawa, tana zuƙar wuta ninkin-ba-ninkin. Zargi ya koma kan baturan da aka riga aka wanke. Duk awon da aka yi musu da safe aka yi, bayan sun kwana a caji, ba kaya a kansu. Makanikin ma da wutar shagonsa ya gwada injin, baturan jirgin ko ganinsu bai yi ba.

Lahadi aka tashi da iska, ta bi shi da mita a aljihu. Wajen ƙarfe huɗu injin ya taso rabi ya tsaya. Ta ɗora mita a kan baturan biyu tare, ta ce ya sake dannawa, lamba ta faɗo ƙasa da 22. Sai ta auna su ɗaya bayan ɗaya. Na farko 12.1, yana da sauran kusan rabin cajinsa. Na biyu kuwa, da aka danna rimot, ya zube ƙasa da 10. Batirin dalma da ya sauka ƙasa da 10.5 yana kan aiki ya ƙare ke nan. Nan ne amsar farfela ma ta fito. Moton farfela ba shi da zaɓe, in wuta ta ragu sai ya rage gudu ya ci gaba, kuma cikin igiyar ruwa ba mai lura. Ɗagawa kuwa tana buƙatar ƙarfi a lokaci guda don cicciɓar sanda da moto daga ruwa, ga ƙwaƙwalwa da ba ta aiki da gurguwar wuta.

Dattijo ya ce shi ke nan, batir ɗaya ya mutu, a sayi wani. Ta ƙi. Batura biyu a jere wuta ɗaya ke ratsa su, abin da ya fita daga wannan shi ke fita daga wancan. Sa'o'in juna ne, aiki ɗaya suke yi, don me ɗaya zai riga ɗaya faɗuwa haka?

"Baba, ba ka ce allon nan na hango kifi yana zane-zane ba idan injin na aiki?"

Ya ce ai tun da aka kafa shi haka yake, ya ɗauka halinsa ne. Ta sa hannu bayan rarraunan batirin ta lalubo siraran wayoyi biyu, ja da baƙa, an lulluɓe su da salatif. Ta bi su har gindin allon. Mijinta ne ya kawo wa surukinsa na'urar kyauta ranar bikin iyaye maza, Lahadi ta uku ga Yuni, ya kuma kafa ta da kansa. Na'urar bolt 12 take so. Batirin tayar da babban inji yana can baya, kuma ya ji tsoron kada ta shanye shi tsoho ya maƙale a tsakiyar tafki. Sai ya ɗauki wuta daga batir ɗaya cikin biyun da ke kusa. Niyya mai kyau, aiki gurgu.

Kamar shanun huɗa biyu ne a karkiya ɗaya, amma ɗayan an ƙara masa jan ruwa tun safe. Allon na tsotsar wuta wuni guda daga batir ɗaya. Ranar lumana sauran da ya rage ya isa. Ranar iska farfela na ɗiba daga duka biyun daidai, wanda aka riga aka rage ya fara kaiwa ƙasa. Batirin dalma kuma duk lokacin da aka tatse shi ƙarƙaf, cikinsa na ƙara tsukewa, shi ya sa abin ya yi ta muni daga Yuli zuwa Agusta. Cajar na cika kowane batir daban, don haka kafin gari ya waye ta share shaidar. Zanen da ke kan allo kuwa ƙazantar wutar moto ce ke bin waya ɗaya tana shiga na'urar.

An sauya baturan duka biyu, domin ba a haɗa sabo da tsoho a jere, allon kuma aka ba shi nasa ƙaramin batir da fis. Injin da aka kusa jefarwa ba abin da ya same shi, tsohon bel ɗin ma da sauransa. Mai karatu da ke da inbata ta bolt 24 a gida, wanda wani ya jona wa fanka ko ƙwan bolt 12 a kan batir ɗaya, ya je ya auna baturansa ɗai-ɗai da dare, lokacin da kaya ke kansu.