Gaskiya ko Jita-jita: Ƙwayoyin Nano da Maganin Ciwon Daji

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san wahalar allurar kemo: suma ta kakkaɓe, baki ya yi gyambo, abinci ya ƙi zama a ciki. Dalili shi ne maganin kan mai uwa da wabi yake yi, duk ƙwayar halitta mai saurin hayayyafa faɗa mata yake, ta cuta ce ko lafiyayya. Shi ya sa labarin ƙwayoyin nano masu ɗaukar magani su kai shi ga ƙari yake saurin shiga zuciya, har ana ɗora masa abin da ba shi da shi.

Wasu na cewa tatsuniya ce kawai. Jita-jita ne, ƙwayoyin suna nan. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, silin gashi kuwa ya kai kaurin nanomita 80,000. Waɗannan ƙwayoyi yawancinsu ba sa wuce nanomita 200. A 1995 Amurka ta amince da Doxil, wanda aka ƙunshe cikin ƙwanson kitse, a 2007 kuma Koriya ta Kudu ta fara amfani da Genexol-PM, mai ƙunshin folima.

Kalmar folima takan firgita mutane, su ce roba ake ɗura wa majinyaci, ko wata na'urar leƙen asiri. Wannan ma ba haka ba ne. Folima doguwar sarƙa ce ta sinadarai, sitacin rogo ma folima ne. Irin wadda aka fi amfani da ita, PLGA, danginta ɗaya da zaren tiyata mai narkewa da kansa, jiki yana narkar da ita ya fitar.

Babbar maganar ita ce wai ƙwayoyin ba sa kuskure, ƙari kaɗai suke nufa. Nan ne gizo ke saƙa. A 1986 masana biyu a Japan, Matsumura da Maeda, sun nuna cewa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari suna yoyo, don haka ƙananan ƙwayoyi kan sulale ta ƙofofin su taru a ciki. A jikin ɓeraye abin ya yi kyau ƙwarai. Amma a 2016 ayarin Warren Chan na Jami'ar Toronto ya tattara binciken shekara goma da aka yi a kan dabbobi, ya tarar a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 na abin da aka ɗura ne ke isa ƙari. Kaso mai yawa hanta da saifa ke tsarewa, domin aikinsu ke nan, tace baƙon abu daga jini. A shekarar nan dai kamfanin BIND Therapeutics na Amurka ya durƙushe, bayan ƙwayarsa ta folima, wadda aka maƙala wa abin gane ƙari, ba ta ba da sakamakon da aka sa rai ba a jikin mutane. Ni a ganina, duk mai ba da wannan labari wajibi ne ya haɗa da wannan ɓangaren.

To, ba su da amfani ke nan? Suna da shi, kuma ba ƙarami ba. Maganin kemo na Taxol ba ya narkewa a ruwa, sai an haɗa shi da wani sinadari da ake yi da man zurma, wanda kan tayar wa wasu da borin jini mai tsanani. Ƙunshin folima irin na Genexol-PM ya kawar da buƙatar wannan sinadarin. Doxil kuma ya rage illar da maganin asali ke yi wa zuciya, ko da yake yana iya sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su saɓule. Sauƙin wahala ne ga majinyaci, amma kemo na nan a matsayinsa na kemo.

Duk wanda ya tallata maka garin magani ko ruwan kwalba da sunan "nano", ya ce yana warkar da daji ba tiyata ba gashi, kuɗinka yake so. Na gaskiyar a asibiti ake ɗura su ta jijiya, likita na tsaye. Idan ka ji ƙullutu a jikinka, ko 'yar'uwarka ta ji a mama, a garzaya asibiti tun yana ƙarami.