Lasisin Mai Gyaran Wuta: Na Kano Zai Ci a Wata Jiha?

Tun da aka fara miƙa wa jihohi ragamar harkar lantarki, wata magana take yawo a bakin masu wayarin a Dawanau da kewaye: wai nan gaba duk wanda aiki ya kai shi Katsina ko Legas sai ya sake yankar lasisi a can, domin na Kano ba zai ci ba. An yi wa lamarin gurguwar fahimta.

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta, a watan Yuni kuma Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu a sabuwar dokar lantarki. A 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta fara sakar wa jihohi irin su Enugu da Ondo da Ekiti ikon sa ido a kasuwar wutarsu. Wannan iko ya fi shafar kamfanoni da farashin wuta. Takardun mai sana'a kuwa daga tarayya suke fitowa: shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba ingancin aikin lantarki, da gwajin sana'a mai mataki uku na Ma'aikatar Ƙwadago, da satifiket ɗin NABTEB na 'yan makarantun fasaha. A Amurka ne yawancin jihohi ke da nasu lasisin, sai sun ƙulla yarjejeniya kafin su karɓi na juna. Majalisun jihohinmu, a yayin rubuta dokokinsu, kada su jawo mana wannan wahala, tunda ko kamfanin rarraba wuta na KEDCO jihohi uku yake ba wuta, Kano da Katsina da Jigawa.

Amma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Mutum nawa ne cikin masu ja mana waya suke da takardar da za su tsallaka iyakar jiha da ita? Mai shiga kasuwar hatsi ta Dawanau zai ga manyan sito da injinan gyaran riɗi da na niƙa, a ƙauyukan da ke kewaye kuma ga rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola. Akasarin wannan aiki samari ne suka yi shi, waɗanda suka tashi a hannun oga tun suna riƙe masa tsani. Da yawansu gwanaye ne na gaske. Sai dai idan babbar kwangila ta zo, mai takarda ne zai sa hannu ya kwashi kaso mafi tsoka, su kuma a sallame su da kuɗin yini.

Kano ta taɓa hango irin wannan giɓi, kuma a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, inda Dawanau take, aka fara ɗinke shi. A 1977 gwamnatin jiha ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, saboda ƙarancin 'yan jiha a fannin likitanci da injiniyanci. Shirin ya yi albarka, likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da jami'o'in ƙasar nan. Daga baya aka haɗa wa hukumar da ke kula da waɗannan makarantu kwalejojin fasaha irin na Wudil da Bagauda da Ungogo. Nan ne muka yi sake. Iyaye suka ɗauki makarantar fasaha a matsayin ta wanda ya rasa gurbi, kowa yana son ɗansa ya zama injiniya, aka manta cewa zanen injiniya ba ya kunna ƙwan fitila sai an samu hannun da zai ɗaura waya yadda ya kamata. Wannan raini shi ya tura sana'ar bakin titi, inda ake koyon aiki sosai amma babu mai auna shi.

Alhali hanya tana nan. Hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna tana da tsarin gwada wanda ya koyi sana'a a wajen makaranta a ba shi shaidar da ƙasa ta amince da ita, kuma masu sana'a a kasuwar Panteka ta Kaduna sun fara cin moriyarsa. Me ya hana ƙaramar hukuma da shugabannin kasuwar Dawanau su nemi a kawo masu gwajin har gida, a yi shi a aikace, a yi bayani da Hausa, a sassauta kuɗin? Ogannin ma su daina tsoron cewa yaro zai guje su idan ya samu takarda, ai darajar shagonsu ce za ta ƙaru.

Su ma masu sito da nasu laifin. Ana tara buhunan riɗi na miliyoyin naira a ƙarƙashin siririyar wayar da aka sayo don arha, ga hunturu na busar da komai. Ya kamata ƙungiyar kasuwa ta sa doka tun bana: ba za a ja wuta a sabon sito ba sai mai aikin ya nuna shaidarsa, kuma an duba aikin kafin a haɗa shi da layi.