Zamfara: Yadda aka kwashe injinan niƙan dutse daga cikin gari, dalma ta ƙi tashi

Tayar da injin niƙa daga wuri zuwa wuri ba wani babban aiki ba ne. Bakanike ya kwance bel, a cire ƙusoshin da suka riƙe shi a ƙasa, majiya ƙarfi su ɗora shi a bayan a-kori-kura, a sake girke shi a wani filin. Amma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin wannan ƙaura ta ja aikin shekaru.

Labarin ya fito fili a watan Maris na 2010, lokacin da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke bibiyar cutar sanƙarau, suka tarar yara na ta suma da jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓi kuma ba ya yi musu komai. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce.

Asalin matsalar yana tsakar gida. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutane suka koma haƙa. Dutsen da ake samowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi gida a buhuna, a farfasa da guduma, a zuba a injin irin wanda ake niƙa hatsi da shi, a wanke garin, a kama zinaren da zaiba. Niƙan busasshe ne, don haka ƙura ta bi ɗakuna da kwanuka da ƙasar da jarirai ke rarrafe a kai suna kai hannu baka.

Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi a Dareta da 'Yargalma a watan Mayun shekarar ya gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. An ƙiyasta yara fiye da 400 ne suka mutu a yankin baki ɗaya.

Matakin farko shi ne a fitar da sana'ar daga cikin gari. Da sa bakin sarakuna da hukumomi, aka kwashe injina da buhunan dutse zuwa bayan gari. Wannan ya rage sabuwar ƙura, sai dai dalma ba ta ruɓewa, ba ta kuma gushewa don an daɗe. Duk inda inji ya taɓa zama, ƙasar wurin ta zama guba.

Sai da aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa, a kwashe a binne a ramuka na musamman, a zubo ƙasa mai tsabta. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith ne suka jagoranci aikin, mutanen ƙauyukan kuma suka riƙe shebur da fartanya. An fara da Dareta da 'Yargalma kafin damina ta kankama, daga baya aka yi Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza, aka kammala a 2011.

Bagega ce ta sha jira. Likitoci ba za su iya bai wa yaro maganin fitar da dalma daga jini ba matuƙar zai koma gidan da ya kwaso ta, don haka yara kusan 1,500 suka zauna ba magani. Sai a farkon 2013, bayan matsin lamba daga Human Rights Watch da gangamin #SaveBagega na matasan Follow The Money, gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin. A nan har filin niƙan da ke gefen garin sai da aka share.

Akwai kuma abin da nisan wurin aiki bai magance ba. Mai niƙa yakan dawo gida da yamma da ƙura a riga da gashi da babur, ya ɗauki ɗansa. Wani kuma, saboda tsoron ɓarayi, yakan shigo da buhun dutsensa ɗaki ya kwana da shi, abin da da wuya a ga laifinsa a yankin da tsaro ya taɓarɓare. Ta haka wasu gidajen da aka share suka sake gurɓata. Shi ya sa daga baya MSF da ƙungiyar OK International suka koma koyar da fesa ruwa a bakin inji yayin niƙa, da wanka da canza kaya kafin a bar wurin aiki.

A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

MSF ta miƙa shirin ga gwamnatin Zamfara a 2022. Haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa wa jihar a watan Afrilun 2019 kuwa, ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage shi a watan Disamban 2024.