Gudun Fanfalaki na Mata Zalla a Nagoya: Abin da Masu Gudun Suka Faɗa Mini

Duk ɗan kasuwar da ke harkar motoci ko kayan gyaransu, daga Kwatano zuwa Lome har Duwala, ya san sunan Nagoya ko da bai taɓa taka ƙasar Japan ba. Tasharta ta jiragen ruwa ce kan gaba wajen fitar da motoci a ƙasar, kuma garin da kamfanin Toyota yake ba shi da nisa da ita. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, birnin ya yi suna a duniya da wani abu dabam. Kowace shekara a watan Maris, ana rufe manyan titunansa ranar wata Lahadi domin mata zalla su yi gudun fanfalaki na kilomita 42 da mita 195. A 2018 mata 21,915 ne suka shiga, har kundin bajinta na Guinness ya rubuta shi a matsayin gudun fanfalaki na mata mafi girma a duniya.

Don mai karatu ya gane nisan, kamar mutum ne ya tashi daga Kano ya nufi Wudil a ƙafa, kuma a guje. Ni da nake zuwa garin sayen injuna da gyabos, na dace da ranar gudun a 2023. Daga baya na samu zama da mata uku da suka taɓa shiga, wani yaro ɗan Gana da ya daɗe a can yana yi mana tafinta. Na ga ya kamata in kawo wa iyalanmu abin da na ji, domin akwai abin ɗauka a ciki.

Daga ina abin ya faro?

Ba tun asali aka yarda mata su yi irin wannan gudu ba, ko a ƙasashen Turawa. An daɗe ana cewa jikin mace ba zai ɗauka ba. A 1967 wata ɗaliba mai suna Kathrine Switzer ta shiga gudun birnin Boston na Amurka da lamba 261, sai wani jami'in gasar ya biyo ta a guje yana ƙoƙarin fizge lambar daga jikinta. Ta kuɓuce masa, ta kuma kammala. Sai a 1972 Boston ta buɗe wa mata ƙofa a hukumance, kuma sai a 1984 aka saka gudun fanfalaki na mata a wasannin Olamfik, a Los Angeles, inda Joan Benoit ta yi nasara.

Na Nagoya ya fara ne a 1980 a garin Toyohashi, a matsayin gudun kilomita 20, sannan aka mayar da shi Nagoya a 1984 ya zama cikakken fanfalaki. Shekaru da dama na gwanaye ne kawai. A nan Naoko Takahashi ta yi nasara a 2000, kafin ta je ta ciyo zinare a Olamfik na Sidni a shekarar. Mizuki Noguchi ma ta ci na Nagoya a 2002, ta ɗauki zinare a Atina a 2004. A 2012 ne aka buɗe shi ga kowace mace, gwana da 'yar koyo. A 2022 aka kai kyautar wadda ta zo ta ɗaya dala 250,000, kuma 'yar Kenya Ruth Chepngetich ce ta ɗauka, cikin awa 2 da minti 17 da daƙiƙa 18.

Amma gwanayen nan ba su fi a ƙirga ba. Sauran dubban matan aure ne, da ma'aikatan ofis, da malaman asibiti, da kakanni. An ba su awa 7 su kammala. Su ne na fi son jin ta bakinsu.

Uwargidan mai injuna

Ta farko matar mutumin da nake sayen injuna a wurinsa ce, ta haura hamsin, ita ke riƙe masa lissafin kamfani. A gidansu muka yi hira, maigidan na zaune yana zuba mana shayi. Ta ce ba sha'awar wasa ce ta kai ta ba, likita ne. An auna ta aka ga jininta ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa, aka ce ko ta motsa jiki ko ta shiga shan magani har ƙarshen rayuwa. Da tafiyar minti 20 bayan abincin dare ta fara. Ta shekara guda kafin ta iya gudun kilomita 5 ba tsayawa, sai da ta shekara uku kafin ta yi ƙarfin halin neman shiga.

Na tambaye ta mene ne ya fi wuya. Ta ce ba ranar gudun ba ce, watanni huɗun da ke gabanta ne. Atisayen yana faɗowa cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Takan tashi ƙarfe biyar na asuba ta yi gudu cikin sanyin da ke fasa leɓe, ta dawo ta haɗa abincin yara, sannan ta wuce ofis. Ranar Lahadi kuma dogon gudu ne, yau kilomita 20, wani mako 25, har 30. Faratan ƙafarta biyu sun yi baƙi sun fita. Maigidan ya sa baki yana dariya, ya ce a watannin nan ne ya koyi dafa shinkafa.

Game da ranar kanta, ta ce kilomita 25 na farko daɗi ne. Daga babban filin wasan birnin mai rufi ake tashi da safe, jama'a sun cika gefen titi suna tafi, ga masu kiɗa, ga 'yan sa-kai suna miƙa ruwa da ayaba. Amma da ta wuce wajen tsohuwar fadar Nagoya, ta doshi kilomita 32, sai ta ji kamar an ɗaura mata buhun siminti a kowace ƙafa. Masu gudu suna kiran wannan wuri bango. Dalilinsa a fili yake: jiki yana ajiye wani nau'in suga a tsoka da hanta, shi ne man da yake ƙonawa, kuma ajiyar takan ƙare wajen kilomita 30 zuwa 35. Daga nan sai jiki ya koma ƙona kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri. Mu masu mota mun san yadda inji ke yi in mai ya kusa ƙarewa.

"A nan na daina tunanin kilomita goman da suka rage," in ji ta. "Sai in ce wa kaina, ki kai waccan fitilar kawai. In na kai, in zaɓi wata." Ta kammala cikin awa 5 da rabi.

Wadda ta yi gudu da hijabi

Ta biyu 'yar Indunusiya ce, Musulma, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. A masallacin Nagoya na haɗu da mijinta bayan Juma'a, shi ya gayyace ni gidansu cin abinci. Tambayar da na san matanmu za su fara yi ita na fara yi mata: 'yar'uwa, da wace shiga kika yi gudun?

Ta ɗauko kayan ta nuna mana. Hijabi ne na yadi mara nauyi da ke shan gumi, da riga mai dogon hannu da ta sauko har gwiwa, da dogon wando. Ta ce ba wanda ya ce mata uffan, kuma sanyin Maris ya sa mata da yawa ma a rufe suke. Abin da ya ja ta zuwa wannan gasa musamman shi ne rashin cunkoso da maza. A wurin tashi mutane kan matsu ƙwarai, kafaɗa da kafaɗa, amma ita ko'ina ta juya mata ne. Sai dai ta yi gaskiya, ta ce kada wani ya ɗauka ba namiji ko ɗaya a wurin: 'yan kallo akwai maza, haka ma'aikata, kuma a ranar ana yin wani gajeren gudu na birni da maza ke shiga. Shawara ce da ita da maigidanta suka zauna suka yanke tare.

Salla fa? Ta ce an tashi da misalin tara na safe, ta gama kafin uku na rana, ta yi Azahar a kan lokacinta. Ta kuma tuna mini da Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha da ke yi wa ƙasar Holan gudu, wadda ta ci zinaren fanfalaki a Olamfik na Faris a 2024 ta kuma karɓi lambarta sanye da hijabi. Wannan ta faɗa mini ne a wata tafiyar da na sake yi, tana murna kamar ƙanwarta ce ta ci.

Abin da ya fi tsaya mata a rai, a cewarta, wata tsohuwa ce da ta kai shekara saba'in, wadda ta zo ta wuce ta wajen kilomita 36, lokacin ita ta koma tafiya tana ɗingishi. Tsohuwar ta ɗan dafa bayanta, ta faɗi kalma ɗaya da ke nufin ki daure, ta yi gaba. Ta ce kunya da ƙarfin gwiwa suka haɗu suka tashe ta.

Wadda mota ta kwasa

Ba kowa ke kaiwa ba, kuma labarin da bai faɗi wannan ba bai cika ba. Ta uku yarinya ce 'yar shekara ashirin da wani abu, tana aiki a ofishin da ke yi mana takardun lodin kwantena. Ta ce ƙuruciya ce ta ruɗe ta, ta shiga ba tare da ta taɓa wuce kilomita 15 a atisaye ba.

Awa 7 ɗin nan da ake gani kamar da yawa, in ka raba, kusan minti 10 ne ga kowace kilomita. Kuma agogo yana fara aiki ne daga tashin na gaba, alhali waɗanda ke can baya sai sun ɓata mintoci masu yawa kafin su iso layin farawa. Ga shi an kafa shingaye a hanya, kowanne da lokacin rufe shi, saboda dole a buɗe wa motoci titi. Ita ta fara da wuta, ta biye wa waɗanda suka fi ta, ƙafa ta ɗaure mata bayan rabin hanya. Tana hango shingen aka ja igiya. Aka sa ta a bas tare da sauran waɗanda lokaci ya cim musu.

Ta ce ba ta taɓa shiga motar da ta kai wannan shiru ba. Kowa ta lulluɓe da bargon da aka ba ta, wasu na share hawaye. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne sarƙar. A wancan lokacin, duk wadda ta kammala, wasu maza ne sanye da baƙaƙen kwat suke tarbarta a cikin filin su miƙa mata ɗan akwati mai ɗauke da abin wuya na kamfanin Tiffany, wanda ba a sayar da irinsa a kanti. Ta ga mata a jirgin ƙasa riƙe da nasu, ita hannu rabbana. Shekarar da ta biyo baya ta yi atisayen wata biyar, ta tafi a hankali tun daga farko, ta shiga fili saura minti 20 a rufe. Abin wuyan na jikinta ranar da muka yi magana.

Mu fa?

Ban rubuta wannan don in ce Hajiya ta ajiye shago ta tafi Japan gudu ba. Kuɗin jirgi kaɗai ya isa jari. Amma mu dubi gidajenmu na zango da gaskiya. Matanmu da yawa daga ɗaki sai shago, daga shago sai ɗaki, zaune tun safe har magariba, ga shinkafa da mai, ga lemon kwalba. Kafin mace ta kai arba'in da biyar sai ka ji ana maganar hawan jini, da suga, da ciwon gwiwa. Mu mazan ma ba mu tsira ba, mun dai fi su yawo ne a kasuwa. Kuɗin da muke kashewa a kan magani a baƙuwar ƙasa, inda ba dangi ba gwamnati, kowa ya san zafinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Wato tafiya da ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar. Ba ta buƙatar filin wasa ko kayan tsada, takalmi mai laushi ne kawai da abokiyar tafiya. Matan unguwa huɗu ko biyar za su iya haɗuwa bayan sallar asuba, da hijabansu, su zaga su dawo kafin yara su tashi. Mai ciwon zuciya ko suga ko juna biyu, ta fara jin ta bakin likita. Wadda kuma ta ji tana son abin da ya fi haka, ba sai ta tsallaka teku ba: a Legas ana yin gudun mata na kilomita 10, a Adis Ababa kuma akwai na kilomita 5 da ake yi a watan Maris.

Akwai abu guda da na lura da shi a gidajen nan biyu na masu aure. Kowace sai da wani ya riƙe mata gida na awa ɗaya ko biyu kafin ta samu fita. Ɗaya mijinta ya koyi girki, ɗaya kuma nata ne ke zama da yara ranar Lahadi. To Alhaji, in likita ya ce uwargida ta riƙa tafiya, kada maganar ta tsaya a "Allah Ya sawwaƙe". Ka duba wa zai kula da yara, wace hanya ce mai aminci, in ta kama ka raka ta da kanka. Tumbin nan naka ma zai gode maka.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya albarkaci kasuwa da iyali.