Charles Teague: Manomin Lemo da Ya Shugabanci Ƙungiyar Sunkist

Idan muka ce wa ɗalibi ya lissafa manyan shugabanni, ba safai manomi ke zuwa bakinsa ba. Shi ya sa a bana muka ga ya kamata mu kawo labarin wani manomin lemo na ƙasar Amurka mai suna Charles Collins Teague, wanda ya yi shekara 30 yana shugabancin babbar ƙungiyar manoman lemo ta Jihar Kalifoniya.

An haife shi a shekarar 1873 a garin Caribou na Jihar Maine, can arewa maso gabashin Amurka, inda sanyi ba ya barin lemo ya yi. Iyayensa sun yi ƙaura zuwa Jihar Kansas, daga nan kuma a 1893 suka nufi yamma, suka sauka a wani ƙaramin gari mai suna Santa Paula a Kalifoniya. A lokacin yana da shekara 20. Ya fara da aikin ƙodago a lambun wani dattijo, Nathan Blanchard. A wannan shekara ce Blanchard da Wallace Hardison, wanda ɗan'uwa ne ga iyalin Teague, suka kafa kamfanin Limoneira a kan fili mai faɗin eka 413. To, kada mu ce babu hannun dangi a tashinsa, akwai. Amma da aka ba shi riƙon gonar a 1901, aikin hannunsa ne ya tsayar da shi a wurin.

Abin da gonar ta fi shukawa shi ne lemun tsami, amma ba ƙaramin nan kore da muka saba da shi ba, wani babba ne da ke zama ruwan ɗorawa idan ya nuna. Wannan lemo yana da wata matsala. A Kalifoniya ya fi yin 'ya'ya a lokacin sanyi da farkon bazara, alhali mutane sun fi nemansa a tsakiyar zafi, lokacin da kowa ke son abin sha mai tsami. Wato a lokacin da kaya suka yi yawa babu mai saye, a lokacin da masu saye suka zo kuma kaya sun ruɓe. Saboda haka lemon da ake kawowa daga tsibirin Sisili na Italiya shi ke cin kasuwar biranen gabas.

Manoma sun gwada kulle lemon a ɗakuna masu duhu, sai gumi ya taru, funfuna ta kama shi. Teague ya bi wata hanya dabam. Ya sa a riƙa tsinke lemon tun yana kore, a jera shi cikin akwatuna a ƙarƙashin rumfa mai shan iska, a rufe kowane tari da tanti na tamfol. Idan laima ta yi yawa a ɗaga tamfol iska ta ratsa, idan iska ta bushe a sauke. Da haka lemon ke nuna a hankali, ɓawonsa ya yi laushi, ya yi watanni bai lalace ba, har lokacin tsada ya zo. Dabara ce mai sauƙi, amma tana bukatar mutum mai sa ido kullum, kuma ita ce ta fara fito da sunansa.

Sai dai adana kaya rabin aiki ne. Kasuwar lemon tana can gabas, tafiyar kwanaki a jirgin ƙasa, kuma a da kowane manomi shi kaɗai yake tura nasa ga dillalai. Dillali ya sayar yadda ya ga dama, ya cire la'adarsa da kuɗin dako. Wani lokaci maimakon kuɗi, takardar bashi ce ke dawo wa manomi, wai lemonsa bai biya kuɗin jirgi ba. Wannan ne ya sa manoman kudancin Kalifoniya suka kafa ƙungiyar gama kai a 1893, domin su tantance kayansu tare, su cika akwatuna tare, su kuma raba su kasuwa-kasuwa yadda ba za su taru a gari ɗaya farashi ya faɗi ba. Daga 1908 suka riƙa buga sunan Sunkist a kan lemonsu mafi kyau. Wani masanin gwamnati, G. Harold Powell, ya nuna musu cewa yawancin ruɓewa daga ɗan rauni ne da almakashi ko farcen mai tsinka ke yi wa ɓawo, sai aka koma sa safar hannu. Teague bai kafa wannan ƙungiya ba, amma ya zama shugabanta a 1920, ya kuma riƙe kujerar har ƙarshen ransa. Tun 1912 ma yana shugabancin wata ƙungiya irinta, ta masu noman wani ɗan itace mai taurin ɓawo da suke kira walnut.

A 1929 Shugaba Herbert Hoover ya saka shi cikin hukumar tarayya da aka kafa don taimakon manoma, wadda aka ba jarin dala miliyan 500. Karayar tattalin arziki ta wancan zamani ta fi ƙarfin hukumar, kuma a 1931 ya koma gona.

Akwai wani sashe na tarihinsa da ba zai yiwu mu tsallake ba. Yawancin masu tsinkar lemo a yankin 'yan asalin Meziko ne, kuma da yawa suna zaune da iyalansu a gidajen masu gonaki. A farkon 1941 dubbansu suka shiga yajin aiki. Suna neman ƙarin lada, da a biya su sa'o'in da suke zaman jiran raɓa ta bushe, domin ba a tsinkar lemo yana jiƙe, da kuma a amince da ƙungiyarsu ta ƙwadago. Teague, wanda shi ne bakin masu gonaki, ya ƙi zama da ƙungiyar. Aka fitar da iyalai daga gidajen kamfani, wasu suka kafa bukkoki da tantuna, suka laƙaba wa sansanin sunansa don ba'a. Aka kawo wasu ma'aikata suka maye gurbinsu, bayan kamar wata shida yajin ya mutu. A ganinmu nan ya gaza. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa manoma cewa mutum ɗaya ba ya iya ja da dillali, shi ne ya hana ma'aikaci ya haɗa kai da ɗan'uwansa don ya yi ciniki a kan guminsa. Shi dai a nasa gani, yana kula da ma'aikatansa da gidaje da sauransu, baƙi ne daga waje suka zuga su.

A 1944 ya wallafa littafin tarihin shekara 50 da ya yi a gona. Ya rasu a 1950. Bayan shekara biyu, a 1952, ƙungiyar ta ajiye tsohon sunanta mai tsawo, ta ɗauki sunan da ke jikin akwatunanta, wato Sunkist.