Wace Bakandamiya Ka Ke Nufi?

Kwanan baya na halarci walimar naɗin wani hakimi a wani gari da ba zan ambaci sunansa ba, gama abin da ya faru can ba abin jingina wa kowa ba ne. An shimfiɗa dardumai, an jera kujeru, manya sun zazzauna, akawuna da malaman makaranta suna ta kai da kawowa wajen tarbar baƙi. A gefe guda kuwa ga wani saurayi ya girke manyan lasifikoki biyu, ya ɗora kwamfuta bisa tebur. Shi ne irin waɗanda samarin yanzu su ke kira di-je, watau mai sa wa taro waƙoƙin da aka riga aka ɗauka. Kada mai karatu ya zaci Dije 'yar maƙwabta na ke nufi.

Da sabon hakimi ya kunno kai, sai wani ɗan kwamiti ya ce wa yaron ya sa kiɗan sarauta. Yaro ya duba, ya ga wata waƙa an rubuta mata "ta sarakunan da", ya danna. Kotso ya ɗauka, 'yan amshi suka karɓa, wuri ya yi kyau. Ba a yi minti huɗu ba sai na ga wani dattijo ya sunkuyar da kai, wani kuma ya miƙe yana neman takalmansa. Ashe waƙar an yi ta ne ga gidan da ya yi takarar sarauta da kakan wannan hakimi, kuma daidai wurin nan makaɗin ya shiga zambo ga wanda ya nema bai samu ba. Ba a faɗi suna ba, amma an faɗi kama, dattawan wurin kuwa sun san mai kamar. Kafin a kai ga kashe na'urar, abin da za a ji an ji. Aka ci abinci ba daɗi, aka watse da wuri.

Yaron nan ba shi da mugun nufi ko kaɗan. Da na same shi bayan taro yana naɗe wayoyinsa, abin da ya ce mini shi ne, "Baba, ai ita ce ta asali, ba kwaikwayo ba ce." Wannan magana tasa ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin na lura yawancin masu wannan sana'a abin da su ke tambaya ke nan, wace ce ta asali, alhali kuwa ba nan gizo ya ke saƙa ba.

Ku akawuna kun san kowace takarda tana da asali, sauran duk kwafi ne, in gardama ta tashi sai a buɗe fayil a ɗauko asalin a raba gardama. Ku malamai kuma kun saba da rubutacciyar waƙa, irin Imfiraji ta Aliyu Namangi, wadda baitin da ka karanta bara shi za ka tarar bana. To, waƙar baka ba haka ta ke ba. Tana da gindi, watau abin da 'yan amshi su ke komawa kansa, tana kuma da ɗiya, watau abin da jagora ya ke zubawa tsakanin amshi da amshi. Gindi ya kan zauna yadda ya ke, amma ɗiya kullum cikin sakewa su ke. Makaɗi yana duban wanda ke gabansa ne. Wanda ya ba shi doki jiya zai shiga waƙar yau, wanda ya yi masa rowa shi ma zai shiga, amma ta wata ƙofa. In an rera waƙa sau ashirin, to, an sami waƙa ashirin masu gindi ɗaya, kuma babu wadda ta fi wata zama ta asali, tun da duk daga baki ɗaya suka fito.

Mu ɗauki misali da Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu cikin watan Yuni 1999. Ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa da kalangu, kuma an san shi da ƙirƙira nan take a gaban jama'a. Bakandamiyarsa, wadda a ciki ya ke kirarin kansa yana gugar abokan sana'a, ya rera ta a wurare da yawa cikin shekaru da yawa. Wata gajera ce, wata doguwa, wata da muryar ƙuruciya, wata da muryar manyanta. Wanda ya tara kaset biyar nata ya saurara zai ji ba biyu da suka zo daidai.

Ba ma wannan kaɗai ba. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, shi ma yana da tasa Bakandamiyar, da Sakkwatancinta da nauyinta irin na fada. Saboda haka in dattijo ya aiko wa mai lasifika cewa a sa masa Bakandamiya, kafin a taɓa na'ura sai a tambaya, ta wa? In Bagobiri ne ya aiko aka sa masa ta Shata, ba a biya masa bukata ba, ko da ya yi kawaici.

YADDA NA'URA TA ƘARA DAGULA LISSAFI

Bayan bambancin da makaɗi ya kawo da bakinsa, akwai wanda na'ura ta kawo. Faifan garmaho na farko, mai juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowane gefe. Makaɗin da ya saba kwana yana waƙa sai a tsai da shi gaban makirfo a ce ya taƙaita. Da babban faifai ya zo aka sami kamar minti 20 a gefe, aka ɗan sarara. Gidajen rediyo kuma, musamman na Kaduna wanda aka buɗe a 1962, sun yi ta gayyatar makaɗa suna ɗauka a ɗakin da ba hayaniya. Irin wannan ɗauka ta fi tsabta, kuma sau da yawa makaɗi ya kan tsare harshensa, don ya san duniya za ta ji. Ta filin wasa kuwa, ita ce mai guɗa da ihun sanƙira da jerin sunayen masu kyauta. Ta fi rai, amma ita ce ta fi haɗari ga mai lasifika.

Sa'an nan kaset ya bazu daga wajen shekarun 1970, kowa ya zama mai ɗauka. Kaset mai minti 60 rabin sa'a ya ke ci a gefe, in zare ya ƙare waƙa ta yanke ke nan, ko makaɗi yana tsakiyar magana. In batirin rikoda ya yi sanyi sa'ad da a ke ɗauka, zaren ya kan tafi a hankali, ran da aka sa shi a lafiyayyar rikoda sai waƙa ta riƙa gudu, murya ta sirance, har ka ji ƙasaitaccen makaɗi ya koma kamar ɗan yaro. A kwafa daga wannan kaset zuwa wancan, kowane kwafi yana ƙara shuu, har a kai ga na goma. Galibin tsofaffin waƙoƙin da ke yawo cikin wayoyi yau daga irin waɗannan kaset aka juyo su.

A wurin juyowar nan ne aka yi babbar hasara. Kwalin kaset ko bangon faifai ya kan zo da sunan makaɗi, wani lokaci har da sunan wanda aka yi wa waƙar. Da aka mai da su cikin memori, sai masu tura waƙa a bakin kasuwa suka riƙa laƙaba musu sunan da suka ga dama. Duk kiɗan kotso ya zama na Ɗanƙwairo, duk kalangu ya zama na Shata. Alhali Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, dabam ya ke da Narambaɗa, dabam da Sa'idu Faru, kowa da ubangidansa da gidan da ya ke yi wa kiɗa. Mai kunne ba ya haɗa su.

Ga kuma sabon yayi na maimaita tsofaffin waƙoƙi da fiyano a situdiyo. Ni ban ga laifin wannan ba in an faɗi gaskiya, gama samari suna son abin da za su taka, kuma ta haka waɗansunsu su ke fara jin sunan magabata. Laifin shi ne a liƙa wa sabuwa sunan mamaci. Wanda ya san Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya san shi da kuntiginsa ne shi kaɗai. In ka ji an cika waƙa da fiyano da gangunan Turawa an ce tasa ce, sai ka yi bincike tukuna.

KOWACE WAƘA DA MAZAUNINTA

Ko an dace da ɗauka mai kyau, da sauran aiki, domin kiɗan Hausa ba a yi shi don kowa da kowa ba. Tambari na sarki ne. Kotso da taushi na fada ne. Manoma da nasu, maharba da nasu, 'yan dambe da nasu. Waƙoƙin da Ɗan'anace ya yi wa Shago suna da daɗi ƙwarai, amma cike su ke da ambaton mutuwa, don an yi su ne a tsuma mai shiga fage. Wa zai so a shigo da ango da irin wannan? Shata kansa yana da waƙar yabon Annabi, yana kuma da ta mashaya, duk da kalangu ɗaya. Yaron da bai saurara ba, ya dogara ga daɗin kiɗa kawai, yana iya sa ta biyun a walimar saukar karatu.

Abin ya fi tsanani a wajen waƙoƙin mata. Amada, irin ta Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa wadda ta rasu a 2013, kiɗan ƙwarya ne da mata su ke yi a tsakaninsu ran biki ko suna. A can su kan saki baki su faɗi abin da ba su faɗa gaban maza, su yi wa kishiya habaici son ransu, a yi dariya a tashi. Yau kuwa biki ya koma babban zaure, surukai maza da mata suna zaune wuri ɗaya, lasifika tana kai magana har bayan unguwa. In amarya ta biyu ce a ke kawowa, uwargida da danginta suna wurin don a zauna lafiya, sai mai lasifika ya saki waƙar kishiya, to, ya kunna wutar da shi ba zai kwana cikinta ba. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ya bar mutane da zaman shekaru.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai wannan sana'a ita ce, wa ya rera, wa aka yi wa, kuma su wa za su zauna a wurin. Ba kuwa za a san amsa ba sai an saurari waƙa tun daga farko har ƙarshe, a gida, kafin ranar taro. Na san doguwar waƙa tana cin lokaci, yaran yanzu kuwa minti ɗaya su ke ji su tsallake. Amma zambo ba ya zuwa a farkon waƙa. Sai makaɗi ya yi yabo ya ƙoshi, jiki ya yi zafi, sa'an nan ya juya kan abokan gaba. Wanda kuma bai gane Sakkwatanci ba, ko bai san tarihin gidajen garin ba, ya sami wani dattijo ya sa masa ya ji. Ba a rasa irinsu a kowace fada.

Wajen sawa ma akwai ladabi. Kada a ƙara wa waƙa sauri don ta dace da rawar zamani, kada kuma a cika ta da rugugin lasifika, gama kalangu da kotso magana su ke yi, suna bin hawa da saukar muryar Hausa, in an danne su an toshe rabin waƙar. In za a tsaya, a jira 'yan amshi su koma gindi. Yanke makaɗi a tsakiyar ɗa kamar katse babba ne yana cikin magana.

Mai son ya tabbatar da abin da ke hannunsa ba zai rasa inda zai nufa ba. Tsofaffin gidajen rediyo na Kaduna da Kano da Sakkwato sun ɗauki makaɗa da yawa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya rubuta tarihin makaɗa, ya kuma tattara matanin waƙoƙinsu cikin Diwanin Waƙoƙin Baka. A kan Shata akwai littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Ga kuma 'ya'yan makaɗan da sauran 'yan amshinsu, waɗanda sau da yawa da jin ɗa guda za su gaya maka garin da aka yi wasan. In an je wurinsu kada a je hannu sake. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tsare wa mai waƙa haƙƙinsa har shekara 70 bayan rasuwarsa, ko ba doka ma, mai cin abinci da muryar uban wani ya kamata ya tuna da magada.

A nan ne na ke ganin akawuna da malamai za su yi amfani, tun da yake ku a kan ɗora wa shirya taro, ko na naɗi, ko na aure, ko ranar ba da kyauta a makaranta. Kada ku bar zancen kiɗa sai ranar. Ku kira mai lasifika tun da sauran kwana biyu ko uku, ya kawo abin da zai sa, ku ji tare. Ku kuma koya masa aikinku na rajista: ya sami littafi ya ja layi, ya rubuta sunan makaɗi, da wanda aka yi wa waƙar, da tsawonta, da irin ɗaukar, ta rediyo ce ko ta fili, da mintin da zambo ya fara in akwai.

Yaron da na ba ku labari na ba shi wannan shawara, ya kuwa karɓa. Da muka sake gamuwa ya nuna mini littafinsa, ya cika shafi goma sha ɗaya. A gaban waƙar nan da ta watsa walima ya rubuta sunan gidan da aka yi wa ita, ya ja layi biyu a ƙarƙashi da jan biro. Ya ce mini har yanzu akwai guda bakwai da bai sami wanda ya san ko na wane ne ba, ya ware su gefe, ba ya sa su ko an roƙe shi.